Alwalar da Na Yi wa Rudun Nomau

Akwai alwala guda ɗaya da na yi a rayuwata wadda da ana janye abin da ya wuce, da ita zan fara janyewa. Ba ta salla ba ce. A zauren mai garin Jiga Makera na yi ta, da hantsi, a cikin wata babbar tasa, mutane suna tsaye a kaina suna kallo. Na manta abubuwa da yawa na shekarun da na yi ina aikin malamin gona, har sunayen wasu da muka ci tuwo kwano ɗaya, amma wannan rana ta ƙi barina.

Ku matasan da kuka gaje mu a ofishin gona na Maiyama kun sha tambayata dalilin da ya sa har yau 'yan kasuwar albasa ke kirana Malam Za-ta-ruɓe. Wasunku da dariya kuke tambaya, wasu kuma kuna jin nauyi. To ga labarin. Amma ku sani tun farko, ba sunan nake so a wanke mini ba. Sunan nan na karɓe shi, kuma ban taɓa ba kowa haƙuri a kansa ba.

Ni mutumin Gehuru ne, sunana Haruna. Karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, aka tura mu kwas na aikin gona, daga nan aka ba ni babur da ƙauyuka a ƙasar Aliero. Ga wanda bai san aikin ba, malamin gona shi ne ƙaramin ma'aikacin da ke tsakanin ofis da manomi. Sama da shi akwai shugaban shiyya, mai duba malamai da yawa, shi ke kai rahoto gaba. Namu shi ne yawo fadama fadama, mu ga abin da ake yi, mu faɗi abin da ya kamata. Ba mu da ikon tilasta wa kowa. Ba mu da taki a aljihu, ba mu da 'yan sanda. Baki kawai gare mu, kuma ranar da manomi ya daina sauraron bakin, aikin ya ƙare ko da ana biyan albashi.

Ana dasa albasa da sanyi, a cire ta da bazara, lokacin da kasuwa ke cika har ta rasa daraja. Mai ƙarfin hali ba ya sayarwa a lokacin. Sai ya yi rudu: a kafa 'yan itatuwa, a shimfiɗa kara a kai don iska ta riƙa bi ta ƙasa, a jibge albasa, a rufe da busasshiyar ciyawa. A bar ta har damina ta yi nisa, albasa ta yi tsada, sannan a buɗe. Wanda rudunsa ya kai lafiya ya ci shekara. Wanda nasa ya ruɓe ya yi wa rana aiki.

Albasar da za ta zauna a rudu da wadda ba za ta zauna ba, a wuya ake gane su, wato inda lawashi ya haɗu da kan albasar. Idan an janye mata ruwa da wuri, an bar lawashi ya kwanta da kansa ya bushe, wuyan zai tsuke ya zama siriri kamar igiya. Idan kuwa an cika mata takin yuriya, an yi ta ba ta ruwa har jajibirin cirewa, za ta yi girma ta yi sheƙi, amma wuyan zai yi kauri. Ka danna da babban yatsa ka ji ya lotsa, da danshi a ciki. Ta nan ruɓa ke shiga. Wannan ba duba ba ne, ba kuma aljanu ba. Wani tsoho a fadamar garinmu ya nuna mini tun kafin in san akwai ofishin gona, sauran kuma yawan dannawa ne.

Da farko na ɗauka baiwa ce Allah ya yi mini. Sai in danna albasa in gaya wa mai ita cewa wannan ba ta ajiya ba ce, ya kai ta kasuwa. Wasu suka ji suka tsira, amma su ba a labarinsu, don albasar da aka sayar aka cinye ba ta barin shaida. Waɗanda suka ƙi ji rudunsu ya ruɓe, su kowa ya ji warin. A hankali magana ta juya. Aka daina cewa Haruna ya faɗa kuma ta faru, aka koma cewa Haruna ya faɗa shi ya sa ta faru. Idan aka ji ƙarar baburina, sai in ga ana jawo zana ana kare rudu. Akwai wanda ya taɓa shimfiɗa mini tabarma nesa, ya zaunar da ni ina ba rudunsa baya, ya kawo mini fura, ya yi ta hirar siyasa har na gaji na tafi.

Ban musa akwai kambun baka ba. Musulmi ne ni, na san baki da ido suna kama mutum. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne a ce ruɓar da na ji da yatsana tun albasa tana hannun mai ita, bakina ne ya sa ta.

Nomau ɗan gwaggona ne, wato taubashina. Mahaifiyarsa, Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina ce da aka aurar a Jiga Makera, kuma sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana, sai dai Babana. Ni da Nomau ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Yana ce mini malamin gonar da ba shi da gona, mai noma da biro. Ni kuma ina ce masa mai garma ba kai. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, dariya ce ke biyo baya. Haka taubasantaka take, kuma ita ce ta fara cutar da mu.

A shekarar da nake ba ku labari, Nomau ya sayar da shanunsa na huɗa ya sayi sabon injin ban ruwa da taki. Geronsa na damina bai yi kirki ba, don haka ya zuba ƙarfinsa duka a fadama. Abincin gidansa na shekara, da na tsohuwa, da irin da zai dasa gaba, duk a kan wannan albasa suka rataya.

Na je fadamar ana saura kaɗan a cire, na tarar inji yana aiki, ruwa kwance a fangali. Na ce masa ya kashe injin ya bar ta ta bushe. Ya ce hassada ce ke damuna, don ban taɓa riƙe albasa mai wannan girma ba sai a hoton ofis. Na koma bayan 'yan kwanaki, muna mu biyu, na sake faɗa, na ma tone guda na nuna masa wuyan. Ya karɓe ta ya ce in kai wa matata ta yi miya, sadaka ce ga ma'aikacin gwamnati. Sabon inji gare shi, kuma mutumin da ya yi shekara da shekaru yana jan ruwa da guga, ka ce masa ya kashe inji, sai ya ga kamar ka ce ya zubar da abinci.

Ranar da ake cika rudu na zo na tarar mutane sun taru suna taya shi. Gaskiya albasar ta yi kyau a ido, ja jawur, kowace kamar ƙaramar ƙwarya. Duk wanda ya zo sai ya ce tubarkalla. Nomau ya ɗauki guda ya jefo mini.

"Malamin gona, ka taɓa ganin irin wagga cikin littahinku?"

Na cafe ta, na danna wuyan, yatsana ya nutse. Na ɗauki wata daga tsibin, ita ma haka. Na ga ana ta jibgewa, ciyawar rufi ma an kawo. Na san idan na yi murmushi na faɗa, wasa zai sake ɗauka. Sai na haɗe fuska.

"Nomau, yau ba taubashi ka magana ba. Ka kai wagga albasa kasuwa cikin makon ga, ko nawa anka taya. Ba ta zama rudu. Ruwan fari na sauka za ta ruɓe."

Wani dattijo ya nemi tsari, ya ce ko tubarkalla ban ce ba. Nomau ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce a ci gaba da aiki, taubashinsa rana ce ta buge shi.

Mutane da yawa sun ce kuskurena ke nan, wai da na ja shi gefe. Na ja shi gefe a fadama, ya mayar da ni abin dariya. Ranar ce dama ta ƙarshe, na kuma faɗa yadda ba za a ɗauke ta wasa ba. Wannan magana ban yi nadamarta ba, kuma da za a mayar da ni wurin, ita zan sake faɗa.

Ruwan fari ya sauka, aka yi na biyu, iska ta yi nauyi. Ba a jima ba Gwaggo ta aiko a kira ni. Tun daga bakin danga na ji warin, tsami-tsami, da ƙananan ƙudaje suna yawo a kan ciyawar. Na naɗe hannun riga na cusa hannu cikin rudun har kafaɗa. Tsakiyar ta ɗauki zafi kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Amma gefe-gefe da sama albasar tana da ƙarfi. Na yi murna a raina, don na ga fiye da rabi za ta tsira.

Na gaya wa Nomau abin yi. A buɗe rudun a ranar, a tsince mai kyau, a baza ta a inuwa ta sha iska, a zubar da ruɓaɓɓiya nesa, gobe a kai mai kyau kasuwar Aliero. Ba za ta yi kuɗin da ya yi mafarki ba, amma za ta sayi hatsin da zai kai gidan kaka. Na ce ni da kaina zan tsaya a yi tsintar.

Bai dube ni ba. Ya ce kasuwa har yanzu a ƙasa take, kuma albasarsa lafiya aka rufe ta, kowa shaida ne. Abin da ya same ta daga waje ya zo. Ya ce ba ya zargina da mugun nufi, baki yana kamawa ko mai shi bai yi niyya ba. Abu ɗaya shi da mutanen gidan suke so. In yi alwala a tara ruwan, a yayyafa wa rudun, kamar yadda ake yi wa wanda baki ya kama.

Na ce ruwa ne ya kashe albasar nan, ba za a warkar da ita da ruwa ba. Na hau babur na tafi.

Kafin kwana biyu magana ta kai ofis. Wasu daga cikin manoman garin suka je suka ce kada a sake turo musu ni, kuma in ba a kawo ni na warware abin da na ɗaura ba, ba su ba malamin gona, kowane ne. Shugaban shiyyarmu a lokacin, Malam Sahabi, mutumin kirki ne, ya fi ni karatu, albasa ma ya san ta kamar yadda na sani. Ya ɗauke ni muka je tare. Shi ma ya cusa hannu a rudun, ya fito da shi ya girgiza kai, ya ce mini a hankali gaskiyata ce. Amma ya ce in duba, gari guda ne zai rufe mana ƙofa. Ya ce ruwan alwala nawa ne, ko moɗa biyu ba zai cika ba, ba zai ƙara wa rudun komai ba. In ba su abin da suke so hankalinsu ya kwanta, sannan mu lallashe su a buɗe.

Aka taru a zauren mai gari. Liman ya yi magana mai kyau, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya ce wanda ake zaton bakinsa ya kama wani, idan aka nemi ruwan alwalarsa bai kamata ya hana ba. Ya ƙara da cewa shi dai a kan mutum ya san ana yi, bai taɓa jin an yi wa albasa ba, kuma Nomau ya bi shawarar masu sanin aikin ya buɗe rudunsa. Rabin farko kowa ya ji. Rabin na biyu ya tafi cikin tari da gyaran zama.

Ina zaune a wurin na ga ƙarshen abin sarai, kamar yadda nake ganin na albasa. Na san Nomau tun muna yara. Idan na ba da ruwan nan, na amsa a gaban gari cewa bakina ne. Wanda kuwa aka ba magani, zama yake yi ya jira ya ga aikinsa. Ba wanda zai rushe rudu a ranar da aka yi masa magani. Na ga za a rufe, na ga za a jira, na ga abin da za a tarar. Ban yi shakka ko kaɗan ba. Na buɗe baki na ce ba zan yi ba.

Sai ga Gwaggo Hajo a bakin zaure, da sandarta, an riƙo ta. Ba ta shigo ba, daga nan ta tsaya.

"Babana, ruwa na roƙe ka. Ba kuɗi ba, ba hatsi ba. Ruwan ma kana hana ni?"

Ita ta goya ni lokacin da mahaifiyata ta yi doguwar jinya. Na dubi Malam Sahabi, ya yi mini alama da kai. Na dubi mutane, duk ni suke kallo kamar wanda ya taka wa tsohuwa ƙafa. Sai na ce zan yi, amma da sharaɗi, ana gama yayyafawa a buɗe rudun a tsince. Nomau ya ce, "To, mu gani." Na san irin wannan to ɗin nasa, na ji ta a fadama. Duk da haka na ce a kawo tasa.

Ba tsoro ne ya sa ni ba, ba kuma jahilci ba. So nake a daina yi mini wannan kallo. Na gaji da zama mutumin da ake kare rudu in ya zo. Na sayi sauƙin zuciyata na sa'a ɗaya da abincin gidan taubashina, ina sane.

Ruwan da ya taru a tasa kaɗan ne, kamar yadda Malam Sahabi ya ce. Abin da bai hango ba shi ne za a ga bai isa ba. Aka juye shi a manyan bokitai, aka cika da ruwan rijiya don ya game ko'ina. Aka ɗaga ciyawa, aka sa tsintsiya ana tsomawa ana yarfawa, abin da ya rage aka kwarara a tsakiya inda warin ya fi. Sannan aka mayar da ciyawar, aka kawo tamfol aka lulluɓe, aka danne da duwatsu. Wani ya ce kada a taɓa sai Juma'a ta sama.

Na ce ba haka muka yi ba, na ce ko tamfol ɗin a cire iska ta shiga. Dattijon nan da ya ce ban ce tubarkalla ba ya dafa kafaɗata, cikin ladabi, ya ce na yi nawa, Allah ya saka, sauran in bar wa Allah. Ba wanda ya yi mini tsawa. Har godiya aka yi mini, mai gari ya ce na nuna ni ɗan halas ne. Amma magana ta fita daga hannuna. Mutumin da ya amsa shi ya yi ɓarna, ba shi ake tambaya yadda za a gyara ba. Malam Sahabi ya yi ta kallon ƙasa.

Na koma cikin makon na roƙi Nomau, ya ce in ba magani lokaci. A karon nan ya tarbe ni da fara'a, ya ce taubashi ya dawo hanya, har ya sa aka kawo mini nono. Wannan fara'a ta fi zagi ciwo.

Ranar da aka buɗe, tun daga masallaci ake jin warin. Baƙin ruwa yana bi ta ƙarƙashin karan. Ka ɗauki albasa ta narke a hannunka ta bar ka da ɓawo. Abin da aka tsinta mai kyau bai cika mangalar jaki ba. Sauran a amalanke aka kwashe zuwa bayan gari, masu kwasar sun ɗaure hanci da rawani. Kada ku ɗauka garin ya ce Haruna ya yi gaskiya. Cewa aka yi bakin Haruna ya fi ƙarfin ruwansa.

Nomau ya sayar da injin aka sayi hatsi, bai kai su ko'ina ba. Na aika da abin da zan iya, albashin malamin gona kun san shi. Da damina ta yi nisa, lokacin da masu rudu ke buɗewa suna dariya, na shiga kasuwar Aliero na hango wani mai furfura a gemu ya sunkuya, an aza masa buhun albasa yana hawa katako zuwa cikin mota. Nomau ne. Mutumin da aka taru ana yi wa albasarsa tubarkalla yana dakon albasar wasu tare da sa'o'in 'ya'yansa.

Na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya sauko ya share fuska da gammo, muka koma inuwar wata rumfa. Na jira tsokana, ba ta zo ba. Ya tambaye ni ko ranar da na yi alwalar na san yadda za ta ƙare. Na ce na sani.

"To don mi kay yi?"

Na ce Gwaggo ce, na ce shugabana ne, na ce gari ne. Ya bar ni na gama.

"Da ka ƙi, da na yi hushi da kai. Da na tahi na yaye rudun nan don in kunyata ka gaban mutane. Da na gani da idona tun da sauran abin tsinta." Sannan ya ce, "Kai kaɗai ka cewa a'a, taubashi. Da kac ce to, sai na ɗauka ni ad da gaskiya."

Aka kira shi ya koma bakin mota. Ni kuma na zauna a rumfar nan har mai ita ya tambaye ni ko lafiya.

Shekara ta zagayo. A cikin Aliero akwai wani Alhaji, babban ɗan kasuwa mai ruduna da yawa, ba zan faɗi sunansa ba. Ya sayi albasa daga fadamu daban-daban ya haɗa, na bi ta wurin ana jibgewa na danna, na gaya masa akwai mai kaurin wuya da yawa a ciki, za ta ruɓe ta ja sauran. Ya ce a raka ni. Bayan ruwa ya sauka wari ya tashi, sai ga mota ya aiko ofis, da sabuwar buta da tasa a ciki. Labarin Jiga Makera ya kai masa, an ce Haruna yana ba da ruwa in an matsa.

Muka je da Malam Sahabi. Alhaji yana zaune a kan kujera, yaransa da dillalai kewaye da shi, an ajiye tasar a gabana. Ya ce in yi abin da na yi wa ɗan uwana, ba ya son dogon zance. Na tura tasar gefe da ƙafa.

"Alhaji, hannuna ga shi. In za a buɗe rudu, ina tsinta da ku har magariba. Amma ruwa ba na bayarwa. Ba bakina ya ruɓar da albasarka ba, a ruɓe ka saye ta."

Ya ce ni wane ne. Ya ce ya ciyar da waɗanda suka fi ni, kuma zai ga wanda ya tsaya mini a ofis. Na ce ya je ya gani. Malam Sahabi wannan karon bai yi mini alama da kai ba, ya ce kawai in je in jira shi a waje. Na fita ina jin tsoro, ba zan ɓoye muku ba, don ina da iyali kuma ba ni da wata sana'a.

Ba a yi wata ba takardar canjin wurin aiki ta fito, aka turo ni Maiyama. Malam Sahabi ya ce iyakar abin da ya iya ke nan, da kora aka so. Na kwashe iyalina na bar ƙasar da na san kowace fadama a cikinta. A nan na ƙarasa aikina har na yi ritaya.

Abin da ya faru bayan fitata daga gidan Alhaji, Nomau ne ya ba ni labari, don yana cikin 'yan dakon da aka kira. Alhaji ya tashi a fusace ya ce a yaye ciyawar a gaban kowa, a nuna wa mutane ƙaryar malamin gona. Aka yaye. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kawo tabarmi a fara tsinta. Mafi yawan albasar ta tsira, aka loda ta zuwa kudu. Har ya rasu bai gaishe ni ba, kuma duk inda ya zauna cewa yake bakina ne ya taɓa masa kaya. Allah ya jiƙansa. Ban nemi godiyarsa ba, albasar na so ta tsira, ta kuma tsira.

Nomau ya daɗe kafin ya miƙe. Shanun huɗa bai sake mallaka ba. Yanzu da hayar inji yake noma 'yar fadamarsa, kuma shi ke fara kashe inji a garinsu. An ce idan ya bi ta gaban rudun wani ya tsaya, ana jawo zana. Ya ce mini na shafa masa cutar. Na ce ai mai garma ba kai sai da ya tsufa ya yi kai.

Ɗayanku ya taɓa tambayata ko ganin ƙarshen abu tun kafin ya zo baiwa ce ko kaya. Na ɗanɗana duka biyun. Ba ya sa a so ka, wannan na tabbatar. Yana hana ka murnar da kowa ke yi a bakin rudu, kana tsaye da albasa a hannu ka san abin da su ba su sani ba. Amma nauyinsa na gaske ban ji shi ranar da aka yi mini suna ba, ko ranar da aka ɗauke ni daga Aliero. Na ji shi ne a rumfar kasuwa, da aka tambaye ni don me na yi, ni da na sani. Wanda bai gani ba yana da abin faɗa. Ni ba ni da shi.

Mutanenmu ba wawaye ba ne. Manomin da ya zuba shekararsa a rudu guda yana neman wanda zai ce masa komai lafiya, kuma zai ji haushin wanda ya ƙi faɗa. Ku bar shi ya ji haushin. Fushi yakan sa mutum ya ɗaga ciyawa ya duba, lallashi kuwa tamfol yake sa shi ya ƙara.

Za a yi muku suna kamar yadda aka yi mini, ku amsa. Ku ce tubarkalla in kun ga abin kirki, ba ta rage komai, sannan ku faɗi abin da yatsanku ya ji. Wata rana kuma za a ajiye muku tasa. Mai yiwuwa ba ta ruwa ba ce, sa hannu ne, ko shiru, ko to guda ɗaya. Wanda zai miƙo ta ba maƙiyi ba ne, wanda ya goya ku ne, ko shugaban da kuke ganin girmansa. Abin da nake roƙonku ke nan, ni da na riga na wanke hannu a cikinta: ku tura ta gefe, ku naɗe hannun riga, ku ce a buɗe rudun.